Giga Takwas Da Suka Ɓace A Kwamfutar Anwar

Shafi na 23

Da sunan Allah. Na ga saƙonninku, har da na masu fushi da ni a kan rasuwar Anwar. Ku yi haƙuri, ni ma da hawaye na rubuta ta. Wannan shafin na duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila ne a gidansu.

*

"Sake dubawa, Irimiya."

Irimiya mai gyaran kwamfuta ya ɗago kansa daga cikin akwatin kwamfutar, ya ajiye tocilan wayarsa a kan tebur.

"Malama Sharifa, babu abin da zan sake dubawa. Ga wurin RAM guda biyu. Ɗaya da abu a ciki, ɗayan fayau."

"Ba kai ka saka na biyun da hannunka ba?"

"Ni na saka. Ke kika sayo masa da Babbar Sallar bara, ni na ɗaura, marigayi yana zaune a bakin gadon nan yana ta yi mini surutu kada in karya masa."

Sharifa ta kalli gadon. Sandar Anwar tana nan jingine da bango inda ya bar ta.

Tun da aka kai ƙanen nata makwancinsa ba ta shigo ɗakin nan ba sai yau, da Mama ta fita gaisuwa unguwar Kpakungu. Ba wani aiki ya kawo ta ba. So ta yi ta buɗe gem ɗin nan, wasan kwamfutar da yake bugawa, ta ga ɗan mutumin nan mai jar hula da yake cewa shi ne shi. Tana buɗewa hoton ya fara tafiya yana tsayawa, yana tafiya yana tsayawa, daga nan ya rufe kansa. Shi ne ta kira Irimiya.

"To yanzu nawa ne a ciki?"

"Giga takwas. Da can sha shida ne."

"Kuma shi ya sa gem ɗin ya ƙi?"

"Shi ne. Kin ga RAM kamar teburinki ne na makaranta. In yana da faɗi, sai ki baza littattafan aji guda ki yi ta maki. In ƙarami ne, sai kin ɗauke wannan kafin ki ajiye wancan. Takwas ya ishe ki buga jarabawar ɗalibanki, ki shiga intanet, ki kalli bidiyo, ba za ki ji komai ba. Amma wannan gem ɗin nasa mai nauyi ne, sai da sha shida. Da takwas, abin da kika gani shi za ki yi ta gani."

"Yana lalacewa ya ɓace da kansa?"



"A'a. Hannu ne ke cire shi. Murfin ma ba a ɗaure na same shi ba, ga notikan nan a gefe."

Sharifa ta kalli notikan.

Mutum ɗaya ne ya shigo ɗakin nan bayan rasuwa. Shekwolo, abokin Anwar tun suna aji ɗaya a jami'a, kafin ciwon ƙugu ya zaunar da Anwar a gida. Ana cikin zaman makoki ya roƙi a bar shi ya shiga. Ba a jima ba ya fito da sauri, ko sallama bai yi wa kowa ba. Tun daga ranar bai sake tako unguwarsu ta Limawa ba.

Ta ja mayafinta.

"Malama, in kashe ta ne?"

"Bar ta haka. Ka ja mini ƙofar kawai."

*

Keke ta hau zuwa Kpakungu, daga nan ta shiga motar Gidan Kwano, inda jami'a take. Ɗalibai sun cika motar suna ta hirar jarabawa da dariya. Ta juya fuskarta wajen taga har suka isa.

Gidan su Shekwolo yana bayan ɗakunan hayar ɗalibai, inda gonaki suka fara. Ta taɓa zuwa sau ɗaya, ranar da ta rako Anwar cin sabuwar doya.

Mama Esta, mahaifiyar Shekwolo, tana tsakar gida tana shanya barkono a kan buhu. Tana ganinta ta miƙe tana kaɗe hannu.

"Wayyo 'yata! Sannu, sannu da zuwa. Ya haƙuri? Ya Mama?"

"Da godiya. Shekwolo yana nan?"

Ko zama ba ta yi ba. Mama Esta ta kalle ta da kyau, sannan ta ɗaga murya ta kira shi.

Ya fito daga ɗaki da singileti. Ya rame ƙwarai, gashin kansa duk ya cukurkuɗe. Yana ganinta ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Anti Sharifa."

"Ina RAM ɗin Anwar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake yi."

"Yana wurina."

Da ma ya yi musu. Da ta fi samun sauƙi.

"Yana wurinka," ta maimaita a hankali. "Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ka shiga ɗakinsa da sukundireba a aljihu."

"Anti, ba haka..."

"A kwano ɗaya kuke cin abinci! Mama ɗana take ce maka! In an yi tuwo sai ta ce a ajiye na Shekwolo. Muna waje muna kuka, kai kana ciki kana kwance noti?"

Mama Esta ta dafe ƙirji.

"Me ya ɗauka? Shekwolo, me ka ɗauka a gidan mutuwa?"

"Sata ya yi, Mama Esta. Ɗanki ɓarawo ne."

Kalmar ta fita kafin ta tare ta. Wata mata da ke wanki a maƙwabta ta leƙo ta kan katanga.

Mama Esta ta juya ga ɗanta, ta yi masa magana da Gbagyi. Bai motsa ba. Ta sake yi, wannan karon da tsawa. Sai ya koma cikin ɗaki, ya fito da wani ɗan abu a naɗe cikin hankici. Ya buɗe. Ɗan siririn falle kore, tsawon bai wuce tafin hannu ba.

Sharifa ta gane shi. Ita ta riƙo shi a jakarta tun daga shago har gida.

"Ba ranar na cire shi ba," in ji Shekwolo. "Ranar nan, mayar da shi na je yi."

"Ƙarya kake yi."

"Tun kafin azumi yake wurina. Anwar ne ya sa na cire."

"Ƙarya ne! Irimiya ya ce gem ɗin ba ya tafiya da giga takwas. Da idona na gani yau, ya ƙi. Anwar kuwa har ana gobe za a kai shi asibiti yana bugawa. Daga kicin muke jin ƙarar. Harbe-harbe, gudun mota, komai. To da me yake bugawa?"

Shekwolo ya ɗago. Idanunsa sun cika.

"Ba bugawa yake yi ba, Anti."

"Me?"

"Bidiyo ne."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Wane irin bidiyo?"

"Na wasan da ya buga tun da. Ni na naɗa masa, na haɗa su suka yi tsawo. Kunnawa kawai yake yi, ya ƙara murya, ya zauna a kujera. Bidiyo ba ya cin RAM. Takwas ya ishe shi."

"Don me zai yi haka? Me zai hana shi ya buga abinsa?"

Mama Esta ta jawo kujerar roba ta ajiye a bayan Sharifa, amma Sharifa ba ta zauna ba.

"Shekwolo, don me?"

"Ba ya gani."

Wani zakara ya bi ta kan barkonon da aka shanya, babu wanda ya kore shi.

"Wa ba ya gani?"

"Anwar. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama kamar hayaƙi, haske da inuwa kawai, sai abu in ya yi girma sosai."

"Ka yi hauka ne? A gida ɗaya muke kwana da shi!"

"Na sani."

"Ni nake kai masa magani!"

"A tafin hannu kike zuba masa, ko? Shi ya ce ki riƙa yi masa haka."

Sharifa ta zauna ba tare da ta san ta zauna ba.

Haka ne. Shi ya ce. Wai yatsunsa na ciwo, ba ya iya ɓare ƙwayoyin.

Sai abubuwa suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Shayin da ya zuba a gefen kofi, ya yi dariya ya ce barci ne a idonsa. Ranar da ta shigo da sabon leshi tana juyi, ta ce ya ya gani, ya ce, "Yaya, ke ai komai kika sa kyau yake miki," bai faɗi kalar ba, shi da ba ya barin kowa ya huta da tsokana a kan kala. Yadda ya daina turo mata saƙon rubutu, sai na murya. Ta ɗauka lalaci ne. Har faɗa ta yi masa.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"A hankali ya fara. Ya ce yana ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo. Muna buga gem tare sai in ga ana ta kashe shi a wurin da bai kamata ba. Anwar fa, wanda ba mai iya taɓa shi. Na tsokane shi, ya yi shiru. Wata rana ya ce mini, Shek, karanta mini abin da aka rubuta a saman allon nan. Rubutun kuwa ƙato ne."

"Shi ne ka yi shiru? Shi ne ba ka faɗa mana ba?"

"Na kai shi asibitin ido. Ranar da muka ce muku za mu je kallon ƙwallo."

"Me likita ya ce?"

"Ya ce sikilar ce ta taɓa jijiyoyin bayan idon. Na hagu an makara. Na dama za a iya gwada aiki a Kaduna, amma da irin jininsa aikin yana da haɗari, sai an zo da iyaye an zauna."

"To me ya hana a zo da iyayen?"

"Lokacin ne Mama ta faɗi da hawan jini."

Sharifa ta rufe ido.

Ta tuna. Mama a kwance, gefen bakinta ya ɗan karkace, likita yana ja musu kunne kada a bari wani abu ya tayar mata da hankali. Da aka sallamo ta, ba ta iya taka matakalar ɗakin Anwar. Daga kan tabarmarta take kasa kunne. In ta ji ƙarar gem sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi, yau jikin auta da sauƙi." In ta ji shiru, ba ta cin abinci.

"Ya san da haka," in ji Shekwolo, kamar ya ji abin da take tunani. "Ya ce Mama da kunne take auna lafiyarsa. Ya ce in ƙarar ta tsaya, ita ma za ta tsaya. A bari ta warke tukuna, sannan ya faɗa. Kullum in na yi magana sai ya ce wata mai zuwa."

"Ni fa? Ni ma hawan jinin gare ni?"

"Ya ce ke ba kya iya ɓoye abu a fuska. Mama tana kallonki za ta gane."

Wani sauti ya kuɓuce mata, rabi dariya rabi kuka. Ta toshe baki da mayafi.

"Ya sa na rantse, Anti. Ya ce in rantse da abin da na yarda da shi. Na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki a gabansa."

Mama Esta ta ce, "Yesu," a hankali, ta zauna a ƙasa kusa da buhun barkono.

"RAM ɗin fa?" in ji Sharifa.

"Kwamfutata ta kasa ɗaukar aikin firojet ɗina na gama makaranta. Zanen taswira ne, da na buɗe sai ta daskare. Ina ba shi labari kawai, ban roƙe shi ba, Allah ya sani. Ya ce in ɗauko sukundireba. Na ce a'a, kyautar Anti ce. Ya ce, sha shida na masu ido ne. Takwas ya ishi bidiyona, ya ishi Yaya ta buga jarabawarta. Ɗauki ɗayan ka gama makarantar nan, ko ɗayanmu ya fita da takarda."

Ya goge fuska da bayan hannu.

"Na gama. Ranar da na kare firojet ɗin, daga makaranta asibiti na wuce in gaya masa. Na tarar an rufe shi da zani."

Matar da ta leƙo ta katanga ta janye kanta.

Sharifa ta daɗe tana kallon ɗan fallen da ke cikin hankicin.

"Ka ce mayarwa ka je yi. Me ya sa ka fito da shi?"

"Abu biyu na je yi. In mayar da shi, in kuma goge bidiyon. Ya ce in wani abu ya same shi, kada in bari kowa ya gani. Na kwance murfin ke nan sai na ji motsi a bayana. Mama ce. Ta dafa bango ta hau matakalar nan ita kaɗai. Ta zauna a bakin gadonsa ta ce, Shekwolo ɗana, kunna mini wasan nasa in ɗan ji."

Ya dunƙule hankicin a hannunsa.

"In na kunna gem ɗin, zai ƙi. In na kunna bidiyon, za ta ga yana tafiya ba kowa a kai. Na rasa yadda zan yi. Na ce mata ina zuwa. Na fita, ban iya komawa ba."

Sharifa ta sauko daga kujerar, ta durƙusa a gaban Mama Esta.

"Mama Esta, na kira ɗanki da sunan da ba nasa ba, a gidanki, a gaban maƙwabta. Ki yafe mini."

Matar ta jawo ta jikinta. Hannunta yana warin barkono, ya sa idon Sharifa yaji, amma ba ta janye ba.

"Ba komai, 'yata. Ciwo ne ya yi magana, ba ke ba. Yaron nan tun da abokinsa ya tafi ba ya ci, ba ya barci. Na tambaya, na tambaya, ya ƙi faɗa. Yau na ji."

Sharifa ta ɗago tana share fuska. Sai ta tsaya.

"Shekwolo. Ka ce ba ka goge bidiyon ba?"

"Ban samu dama ba."

"Yana ina a cikin kwamfutar?"

"A fili yake. Wani ƙaton jan tambari a tsakiyar allo. Ni na ƙara masa girma don ya riƙa hango shi. Ko ba ka taɓa linzamin kwamfutar ba, ka danna dogon maɓallin nan na ƙasa, zai tashi."

Ta ga tambarin ɗazu. Ta kewaye shi ta nemi gem ɗin.

Ta miƙe zumbur.

"A kunne na bar ta."

"Mama tana gida?"

"Ta ce da la'asar za ta dawo."

Su biyun suka kalli inuwar katanga. Ta riga ta kai tsakiyar gida.

*

Ba su jira mota ta cika ba, mashin biyu suka tare. Duk tsawon hanyar Bida Sharifa tana kiran wayar Mama, tana ta ringi ba a ɗauka.

A bakin layinsu na Limawa suka sauka. Tun daga zaure ta ji.

Harbe-harbe. Gudun mota. Wannan kiɗan da ke tashi in an ci wani mataki.

Na ɗan lokaci kaɗan, wallahi, ta ji kamar in ta ɗaga labulen za ta same shi a kujera ya juyo yana cewa, Yaya, me kika kawo mini.

Takalman Mama suna ƙasan matakala.

Sharifa ta hau. Shekwolo ya tsaya a bayanta, hankicin a dunƙule a hannunsa.

Ta ɗaga labulen.

Mama tana zaune a kujerar Anwar, ko hijabin fita ba ta cire ba. Hannayenta biyu suna kan cinyarta. A allon, ɗan mutumin mai jar hula yana gudu, yana tsalle, yana harbi, shi kaɗai.

"Mama..."

Ba ta juyo ba.

"Share ƙurar teburin na zo yi," ta ce, muryarta a kwance. "Tsumma ne ya taɓa wani abu."

"Mama, tashi mu je ƙasa, ki sha maganinki."

"Wannan wurin na san shi. Yanzu mota za ta faɗa ruwa, sai a yi wata ƙara kamar ta ƙararrawa."

Motar ta faɗa ruwa. Ƙararrawar ta kaɗa.

"Kullum a daidai nan nake jin ta, bayan an kira la'asar. Kullum. Na ce a raina, yaron nan bai taɓa tsallake ruwan nan ba ko sau ɗaya?"

Sai a lokacin ta juyo. Ba Sharifa ta kalla ba. Idonta ya wuce ta, ya sauka a kan wanda ke tsaye a bakin ƙofa.

"Shekwolo, shigo."

Ya shigo, ya durƙusa.

"Ni na haife shi, amma kai ya zaɓa ya faɗa wa. Ban yi fushi ba." Ta miƙa hannu ta dafa kansa. "Abu ɗaya nake so, kada ka duba ciwona, kada ka duba Sharifa. Ranar da za a kai shi asibiti, ya riƙe fuskata da hannu biyu, yana ta shafawa, yana ta shafawa. Na ce auta lafiya? Ya ce ba komai."

Ta sunkuyo kusa da fuskarsa.

"Faɗa mini gaskiya, ɗana. Ranar nan, yana ganina?"